Sunan Inna Bisa Kwali

Wurno, 3 ga Oktoba

Baban Sharifa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, karatu na tafiya, sanyin Amurkar nan da kake ta faɗi bai ƙarasa min kai ba. Inna na gaishe ka, ƙafarta ta yi sauƙi har ta koma yawon barka da ta'aziyya unguwa-unguwa. Layin waya har yau a yanke yake, don haka ga takarda kamar zamanin kakanni. In Yaya Mainasara ya shiga Sakkwato da fasinja zai ɗauki hotonta ya tura maka, amsarka kuma ya buga ta a shago ya kawo min. Yayanka ne dai, amma ka san hannun da takarda ke bi kafin ka rubuta abin da ka ga dama.

Sakamakon gwajin Sharifa ya fito. Ba shawara ba ce, ba tsutsar ciki ba ce, ba kuma abin da matan unguwa ke raɗawa ba. Likita ta ce hanjinta ne ba ya ɗaukar alkama. Akwai wani abu cikinta da ake ce wa giluten, shi ke goge mata hanji, abinci ya wuce bai zauna ba. Shi ya sa zawon ya ƙi tsayawa, ciki ya yi tulu, ƙafafu kamar sillen kara. Na tambaye ta mi za a sha. Ta ce babu allura babu ƙwaya, maganin kawai kada alkama ta sake shiga bakinta har ta tsufa, ko da ɗan abin da ya maƙale ga cokali ne.

Wallahi dariya na yi gaban likita, don ban san mi zan yi ba. Ɗiyar gidan da rumbu biyu cike suke da alkama, ubanta kuma ya ƙetare teku shina karatun yadda za a ƙara yawanta a fadamar Wurno.

Yau sati biyu ba burodi, ba fanke, ba alkaki, ba taliya. Tuwon gero, tuwon dawa, kunu, shinkafa. Inna ta yarda ta daina tsoma mata burodi ga shayi, amma ranta bai kama ba, tana cewa ita da alkama ta yaye ɗiyanta bakwai. Abin da ke kashe ni taliya. Ka san ɗiyarka da taliya da manja. Jiya yaran Yaya sunka zauna tsakar gida suna ci, ta tsaya bakin ƙofa tana kallon bakinsu. Ba ta yi kuka ba, ta dai zo ta tambaye ni laifin mi ta yi. Shekara shida, Baban Sharifa. Mi zan ce mata?

Likita ta ce can wajenku ana yin taliya da biskit da garin burodi marasa wanga abu, da alamar zangarniyar alkama an ja mata layi. Na sa Yaya ya duba Sakkwato, shago huɗu, ba wanda ya taɓa ko jin labari. In da hali ka nemo mata ko kaɗan ne, ta dai samu abin riƙewa ga kwano ranar da yara ke cin nasu.

Taka,
Ma'u

12 ga Oktoba

Ma'u,

Amin sallama. Na ga takardarki, na karanta ta sau uku a tsaye. Ina lafiya. Ki gaishe da Inna da Yaya, ki shafa min kan Sharifa. Tun ranar ban iya shiga gonar gwajinmu na dubi alkama da ido biyu ba.

Na nemo. Zayyanu, wanda muke ɗaki ɗaya, shina da katin wani kanti na 'yan sari da ba a shiga sai mamba ko wanda mamba ya ɗauko. Ma'u, ki ɗauki kasuwar Wurno ranar cinta ki rufa mata kwano ɗaya, to shi ne. Ba taga ko ɗaya. Kaya jibge bisa katako har rufi, motar ɗaga kaya na ratsa mutane tana ƙara, keken da ake turawa kuwa amalanke ne sosai. Kuma ba a sayar da abu guda. Gishiri buhu, sabulu kwali, taliya kwali. Na tambayi wani ma'aikaci ko zan samu leda biyu in gwada, ya dube ni kamar na ce ya ba ni kyauta.

Ni da ban taɓa sayen ko daddawa ba a rayuwata, awa uku na yi ina juya ledoji ina karanta ƙananan rubutu. Ashe alkama ta shiga komi. Tana cikin miyar gwangwani, tana cikin alawa, tana cikin dunƙulen miya. In na samu marar alkama sai in sake karantawa don naman alade, na mayar da biskit iri biyu saboda haka. Zayyanu ya gaji ya tafi ya zauna bisa kujerun sayarwa. Wata tsohuwa mai raba ɗanɗano ta gan ni ina zagaye layi ɗaya, ta tambaye ni na faɗa mata, ta ce jikanta ma haka yake, ta ja ni har gaban inda kayan marasa alkama suke. Na ce mata tawa ɗiyar shekararta shida, sai na juya mata baya ina goge ido. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Na ɗauki kwalin taliyar shinkafa da masara mai leda ashirin da huɗu, da kwalin biskit, da garin burodi jaka huɗu. In an ja a hankali za su kai ta wata shida. Alhaji Siddiq na gidan Sarkin Ruwa zai dawo gida jibi, ya yarda ya saka su cikin kayansa har ƙofar gida.

Na rubuta sunan Inna bisa kwalayen. Kin san ba zan aika kaya gida da sunan matata ba uwata na zaune, Alhaji ma sai ya yi min wani kallo. Amma na Sharifa ne duka, magani ne ba tsaraba ba. Yaya, na san kana karantawa, don Allah ka yi wa Inna wanga bayani kafin su iso.

Mijinki,
Yazid

Wurno, 6 ga Nuwamba

Baban Sharifa,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya sai wadda ka sani. Takardarka ta sha biyu ga Oktoba jiya ta shigo hannuna. Injin motar Yaya ya buga, sati uku bai taka Sakkwato ba, saƙonka na can sama shina jiran waya ta samu layi. Kwalayenka kuwa ba su jira kowa ba, tun ran sha tara sunka iso.

Bari in faɗa maka yadda anka yi, don ni ma har yau in na tuna sai in ji kamar a kaina anka zuba ruwan zafi. Alhaji Siddiq ya sa anka sauke su ɗakin Inna, tunda sunanta ne a kai da manyan baƙaƙe. Kafin la'asar gida ya cika. Wata goma sha ɗaya da tafiyarka, yau ga kayan Yazid na farko daga Amurka. Inna ta sa sabon gyale, ta sa anka shimfiɗa tabarma, ta yanke igiya da hannunta. Rabon da in ga fuskarta haka tun ranar sunan Sharifa.

Ni ina hango zangarniyar nan da anka ja wa layi na san ko na wane ne. Na durƙusa kusa da ita na ce a hankali, Inna, kamar kayan nan na Sharifa ne. Ta ce ai Sharifa za ta samu nata, wa zai hana ɗiyar mai kaya. Sai ta fara lissafa mutane. Ƙanwarka Adawiyya a Rabah. Kawu Atiku a Goronyo da ya yanka rago ranar da ka tashi. Gidan Liman da sunka yi maka saukar Alƙur'ani. Maƙwabtan da sunka raka ka tasha. Duk wanda ya taɓa kawo mata dabino da zamzam cikin shekara talatin, ta tuna da shi. Mata goma sha biyu na zaune suna kallo. Kai ka faɗa min da wane baki suruka za ta ce a'a a wurin.

Ni anka ɗora wa tire. Ni na bi gida-gida ina miƙawa ana sa maka albarka, ni da kaina na kai wa Adawiyya nata har Rabah. Rabon Sharifa leda biyu na taliya da biskit ɗaya, kuma Inna ta ce don ita mai jinya ce anka ninka mata.

Abin takaici, ba wanda ya ji daɗinta. Matar Yaya ta dafa kamar tamu, ta dagargaje ta zama kunu, sunka ce taliyar Turawa ba ta da ƙashi. Wasu awaki sunka ba.

Ita kuwa Sharifa, ranar da na dafa mata da manja, ta ɗauki kwanonta ta tafi tsakiyar yara ta zauna. Ta cinye tas ta lashe yatsu, ta ce a gaya wa Baba ta fi ta kowa daɗi. Leda biyun sun ƙare shekaranjiya.

Ga abin da ya fi damuna. Wata ɗaya da rabi ba ta ci alkama ba, na rantse da Allah ba ta ci ba, ni ke dafawa ni ke ba ta. Amma zawon na nan, kuma zoben da ka saya mata ya faɗo daga yatsa. Kunun gero kawai take sha yanzu. Ban san ta ina abin ke shiga ba.

Ma'u

15 ga Nuwamba

Ma'u,

Amin gaisuwa. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Awa uku na yi ina karanta ledoji ɗaya bayan ɗaya, ke kuma kinka ɗauki tire kina bin gidaje, har Rabah kinka je da ƙafarki kamar mai kai goron biki. Kin san ko na wane ne, da bakinki kinka faɗa. Ke ce uwarta. Ko leda goma ba ki iya turawa ƙarƙashin gado ba? Kunyar mata goma sha biyu ta fi miki cikin ɗiyarki? Ina nan nesa ba ni da hannu ba ni da ƙafa, ke na dogara gare ki.

Na ajiye alƙalami nan jiya, yau na ɗauka da wata magana da ta fi waccan. Ki karanta da kyau.

Na roƙi Zayyanu ya sake shigar da ni kantin. Ban sayi komi ba, don ba mai tahowa gida kafin ƙarshen shekara, na dai je ne don zama ɗaki ya gagare ni. Ina zagayawa sai na ga garin gero. Geronmu, Ma'u, wanda muke ba kaji, an zuba shi ga jaka mai kyau an sa masa alamar nan. Na ce mi ya haɗa gero da alkama har sai an sa masa alama? Na juya bayan jakar. An rubuta cewa an niƙa shi ne a injin da ba a taɓa zuba wa alkama ba.

Nan na gane. Ina kike kai niƙa? Injin Ƙasimu na bakin kasuwa. Wane ne ke gabanki a layi kullum? Masu taliyar murji da masu alkaki da masu finkaso. Ya juye alkamarsu, ya zuba geronki bisa ragowar. Kunun da kike ba ta don ta warke, shi ke ɗauke da abin.

Kada ki sake kai komi nata inji. Ba turmin gida ba kuma, an sha surfa alkama cikinsa. Rariya, muciya, tukunya, duk a ware mata sabo. Yaya, don girman Allah, ranar da wagga takarda ta shigo wayarka ka juya mota ka kai mata, ko ba fasinja.

Yazid

Wurno, 20 ga Disamba

Baban Sharifa,

Sallama. Muna raye, alhamdu lillahi. Takardarka ta yi kwana ashirin da uku a hanya. Hanyar Sakkwato ba ta yi daɗi ba, direbobi sunka ajiye motoci, Yaya ma Inna ta hana shi fita. Cikin waɗannan kwanaki ni ina nan ina kai gero injin Ƙasimu duk bayan kwana biyu, ina damawa, ina riƙe mata kai ina lallashi ta sha. Ran biyu ga wata ta kasa tashi zaune. Kwana shida munka yi asibiti nan Wurno ana ƙara mata ruwa, sai ga ƙafa anka samu jijiya. Muna dawowa gida da kwana ɗaya Yaya ya samu ya leƙa Sakkwato, ya miƙo min takardarka.

Maganarka ta farko na karanta. Ban tura leda goma ƙarƙashin gado ba, gaskiya ne, kuma ba ranar da ba na tambayar kaina. Amma kai da ke bayan teku, ba mai ganinka sai Alhaji Siddiq, kunyarsa ta hana ka rubuta sunan ɗiyarka bisa kwali. Ni da ke durƙushe gaban uwarka kake so in yi abin da kai ka kasa da alƙalami? Rabah kuwa aike na anka yi. Kuka na yi bisa babur tun daga tasha har ƙofar Adawiyya, na goge fuska na shiga. Na bar ta nan, ba ni da ƙarfin faɗa.

Maganarka ta biyu ita ta zaunar da ni ƙasa. Da hannuna, Baban Sharifa. Inna ta leƙo ta same ni da takarda bisa cinya, ta kira Yaya ta ce ya karanta mata. Ya so ya tsallake, ta ce daga sallama har sa hannu. Ya karanta wagga, ta sa ya ɗauko ta Oktoba ma, har inda ka ce magani ne ba tsaraba ba. Ta dafa sanda ta miƙe. Ta shige ɗaki.

Da safe ta ɗauki sanda ta tafi injin Ƙasimu. Shi ya ba ni labari, ya ce ta sa ya kashe inji, ta tura hannu cikin bakin har gwiwar hannu, ta fito da shi fari fat da garin alkama, ta tsaya tana kallo. Daga nan kasuwa ta wuce. Sabon turmi, sabuwar taɓarya, rariya, muciya, tukunya. Ɗakinta ta sa anka kai su, ta ɗaura wa kowane jan ƙyalle, ta ce duk wanda ya taɓa sai ya gamu da ita. Ita ke daka geron Sharifa yanzu, da ƙafar nan tata. In na karɓi taɓarya sai ta ce in je in ji da yarinya.

Sauran kuwa ban taɓa jin an yi shi a Wurno ba. Ta bi gidajen nan duka, ɗaya bayan ɗaya, tana roƙon a mayar mata da tsarabar da ta bayar. Inna, da ko kwanon da ta aika da tuwo ba ta aika a karɓo. Na ce in je a madadinta, ta ce bakin da ya bayar shi zai roƙa. Ta hau kabu-kabu zuwa Rabah. Ta shiga mota zuwa Goronyo ranar da hanya ta buɗe. Ana ta magana a unguwa, wasu na cewa tsufa ne ya fara taɓa ta, ta ji da kunnenta ba ta juya ba.

Gidan Kawu Atiku kaji sun riga ta. Adawiyya ta yi garin burodin fanke tun makon farko, ta yi ta kuka da ta ji. Matar Liman kaɗai ta adana nata cikin kabad don rubutun Turanci ya yi mata kyau. Abin da Inna ta tattaro cikin kwana tara shi ne taliya leda uku, da rabin jakar gari da ɓera ya taɓa gefenta. Ta zube su gabana, ta zauna ƙasa tana haki.

Sharifa kwana goma ke nan tana shan kunun turmi. Zawon ya ragu, bai tsaya ba. Jiya ta ce a ƙara mata, karo na farko tun damina. Ba na son in yi murna da wuri. Likita ta ce hanjin zai ɗau watanni, kuma ga shi an shuka alkama fadama duka, in sussuka ta zo ban san inda zan ɓoye ta ba. Wataƙila in kai ta Giyawa wurin iyayena, can ba mai noma ta.

Inna ta ce in rubuta maka wanga yadda ta faɗa, kada in gyara: "Ki hwaɗa mai ni nag gani. In zai sake aikowa shi rubuta sunan yarinya, babba, yadda ko ni da ban karatu in na gani in san ba nawa na ba."

Sharifa ta ce in tambaye ka yaushe taliyarta za ta zo.

Ma'u

2 ga Janairu

Ma'u,

Amin sallama. Ki yafe min. Abin da kinka faɗa gaskiya ne. Ki durƙusa gaban Inna a madadina ki ce na ji, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Wani ɗan Goronyo zai taho gida ran goma, ya yarda ya ɗaukar min kwali ɗaya. Na samo kwalin tun shekaranjiya, na sayi alƙalami mai kauri, na rubuta SHARIFA ta kowane gefe har da ƙasa. Jiya Zayyanu ya kai ni kantin. Na tura amalanken nan kai tsaye zuwa layin, ko waiwaye ban yi ba.

Tayoyin mota ne a wurin, Ma'u, jere har rufi. Na zagaye kantin sau biyu. Na nemi tsohuwar nan, ba ta nan. Ma'aikacin ya duba na'urarsa ya ce haka kantin yake, kaya in sun ƙare wani abu ake sawa, wataƙila taliyar ta dawo da bazara, wataƙila ba za ta dawo ba. Biskit ɗin ma babu. Na tsaya gaban tayoyin har Zayyanu ya zo ya kama hannuna.

Akwai ƙananan kantuna cikin gari, gobe zan fara bin su da ƙafa, leda ɗaya nan biyu can, abin da Allah ya sa na samu kafin ran goma. Ki ja ukun nan da Inna ta karɓo a hankali, rabin leda ranar da yara ke cin tasu kawai. Kada ki ce wa Sharifa babu. Ki ce mata kwalinta na nan gefen gadona da sunanta a kai, Baba bai gama cika shi ba.

Mijinki,
Yazid